Shekarar da Aka Sayar da Tasha da Muryar Saddiƙa a Ciki

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ara mini kwana har na ga jikokina. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Wannan babin na Binta ne, amma kowa a cikinku ya karanta. Da ajami nake rubuta shi kamar sauran, don shi mahaifina ya koya mini a zaurensa a Toranke, hannuna kuwa bai taɓa sakewa da boko ba. Wanda zai juya muku shi ya juya yadda na faɗa, kada ya gyara mini magana. Kun sha jin mutane suna faɗin dalilin da ya sa na daina fitowa a talabijin. Wasu sun ce korata aka yi, wasu sun ce mahaifinku ne ya hana ni, Allah ya jiƙansa. Duk ba haka ba ne. Ke Binta kin san da ƙafata na fito, kuma shi ne abin da kika daɗe kina riƙe da ni a zuci, domin na fito na bar muryar ƙanwarki a hannun mutanen da ba su san ta ba. Ban taɓa zama na ba ki amsa yadda ya kamata ba, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Sunan tashar ba zan kama ba. Tana nan har yanzu da wani suna, kuma waɗanda ke cikinta a yau ba su san ni ba. Wani dattijo mai sayar da yadi a Kano ne ya kafa ta, mu dai Alhaji muke ce masa. An ce wata rana ya shiga gida ya tarar da jikokinsa sun zuba wa akwatin talabijin ido, suna kallon abin da ko harshensa ba sa ji, sai ya ce zai yi wa yara da samari tasu tashar. Haka kuwa aka yi. Akwai kacici-kacici tsakanin makarantu, da muhawara, da ƙwallon unguwanni, da musabaƙar karatun Alƙur'ani. Akwai kuma wani shiri da ake bin matasa wurin sana'arsu, yau mai faci, gobe marini, jibi yarinya mai ɗinkin hula. A Gaya sai an ɗaura eriya a kan doguwar gora kafin hoto ya tsaya. A ƙauyukan Ajingi kuwa sai wani ya tsaya a waje yana juya gorar, na ciki suna yi masa ihu ya ƙara, ya koma baya, ya tsaya a nan. Akwatin mai shayin unguwarmu da batirin mota yake aiki, kuma ranar ƙwallo ba ka samun wurin sa ƙafa a rumfarsa.

Kabiru ɗan yayana ne, yana cikin yaran da suka sha tatsuniya a tsakar gidanmu. Ya sami aiki a tashar yana jan waya, a hankali har ya zama mai tsara shiri. Shi ya zo Gaya wata Juma'a, ya durƙusa gaban Malam mahaifinku da kakarku Iya, ya ce Alhaji yana neman mai tatsuniya, shi kuwa bai san wadda ta fi gwaggonsa ba.

"Tatsuniya a cikin akwati?" in ji Iya. "Yaushe ake yi?"

"Da hantsi ake ɗauka, Iya."

"To, kun ji. Mu tun muna yara aka ce mana mai tatsuniya da rana ɓata yake yi a kasuwa. Ka kai ta Kano, gari guda, ta yi tatsuniya da hantsi. Wa zai nemo mana ita?"

Malam ya yi murmushi ya ce, "Iya, wannan maganar ba ta cikin littafi."

"Ni ma ban ce tana ciki ba. Miyar kuka ma ba ta cikin littafi, ga shi kullum kana neman ƙari."

Da aka gama dariya Malam ya dube ni ya ce, "Ki je ki gani. In abin kirki ne yara su amfana. In ba shi ba ne, motar da ta kai ki ita za ta dawo da ke."

Aka zaunar da ni a kan tabarma a wani ɗaki mai sanyi, bayana an rataye ƙyalle da aka zana bukkoki da farin wata, gabana fitilu masu kashe ido. Kabiru ya ja wa kowa kunne kada wanda ya yi ko tari, ya ce da ni in na ga 'yar jar fitila ta kama in fara. Ta kama. Na gyara zama na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku." Na jira. Shiru. Kabiru yana ta yi mini alama da hannu.

"Gwaggo, ci gaba mana."

"Ba a amsa ba."

"Masu kallo za su amsa a gidajensu."

"To, in sun amsa ka faɗa mini."

Mai ɗaukar hoto ya yi dariya har kyamarar ta girgiza. Daga baya shi da kansa ya amsa mini, ƙato da gemu, da wata murya kamar yana kiran shanu. Na fara, amma labarin ya ƙi tafiya. Ni da fuskokin yara nake tatsuniya. In na ga ido ya fara yawo sai in shigo da kura, in na ga ƙaramin cikinsu ya maƙale a jikin yayarsa sai in sassauta. A ɗakin nan babu fuskar da zan duba. Muna cikin haka Alhaji ya shigo yana dogara sanda, aka ba shi labari, ya ce, "Ai matar nan ta fi ku gaskiya. Ku kai mata kayan aikin inda yaran suke." Da haka Iya ma ta sami yadda take so, domin a ƙauye sai an dawo daga gona an yi magariba yara ke taruwa.

Waɗannan shekarun ba na jin na yi wasu masu daɗinsu. Motar tasha takan biyo ta Gaya bayan la'asar ta ɗauke ni, wannan makon Kademi, wani makon Gafasa, wani Toranke. A kai injin wuta can bayan katanga don kada ƙararsa ta shiga, a shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan mai unguwa. Yara su zo an yi musu wanka an shafe su da mai, 'yan mata da kwalli har ya yi yawa. 'Ya'yan Fulani daga ruga sukan tsaya can nesa da farko, kafin a kai tsakiyar labari ka gan su a gaba. Iyaye mata suna bayan zana suna saurare, wata takan ɗaga murya ta ce ba haka kakarta ke faɗa ba, in ce to ta fito ta faɗi nata, a yi ta dariya. Kabiru ba ya yanke irin wannan. Ranar da za a nuna shirin kuwa gari ke tashi, kowa yana son ya ga ɗansa a cikin akwati, har tsofaffin da suka ce ba sa kallon talabijin sukan zo su tsaya a baya wai wucewa suke yi.

Saddiƙa, autata, ba ta bari motar nan ta tashi ba da ita ba. Ke kika goye ta, Binta, ba sai na faɗa miki yadda take ba, amma jikokina ba su san ta ba. Kafin in rufe baki ta riga kowa amsawa, "Ta zo mu ji ta!" da siririyar murya da ke hawa saman ta sauran. In ta yi dariya sai ta ƙare da shaƙuwa. Ga saurin kuka. Akwai tatsuniyar da na gada wurin kakata, ta yarinyar da ta reni ɗan maraƙin da uwarsa ta mutu, yana bin ta har rafi, sai fari ya zo aka kora shi kasuwa, yana tafe yana waiwayenta. A nan labarin yake ƙarewa tun asali. Ranar da na yi shi a Gafasa, Saddiƙa ta miƙe tsaye a gaban kyamara, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Inna, ki dawo da shi!"

"Ai an riga an sayar, auta."

"Ke kika sayar. Ki dawo da shi!"

Sauran yara suka kama, kowa ki dawo da shi. Dole na sa maraƙin ya tsinke igiya ya biyo hanya. Tun daga ranar haka labarin yake ƙarewa a bakina.

Sai shekarar ta zo. Da damina zazzaɓi ya kama Saddiƙa, bai ja lokaci ba. Ba zan tsaya a nan ba, manyanku kuna nan, ke Binta a goye a bayanki aka kai ta asibiti. Alhaji da kansa ya zo Gaya ta'aziyya, ya zauna a zaure tare da Malam, ya ce in huta har sai na ji zan iya. Kafin a gama girbin gero shi ma ya rasu. Magada da yawa, babu mai sha'awar tasha a cikinsu, sai suka sayar wa wani kamfani da duk abin da ke ciki: gini, mota, na'urori, da ɗakin da aka jera kaset na duk shirye-shiryen da aka taɓa yi. Sababbin masu ita suka canza suna. Aka daina kacici-kacici da muhawara da ƙwallon unguwanni, aka kawo waƙe-waƙe da finafinan waje da aka juya da Hausa, da wani shiri da samari ke bugo waya suna gaishe-gaishe. Karatun Alƙur'ani aka mayar da shi ranar Juma'a kawai. Ni na ɗauka tawa ta ƙare, sai ga saƙo sabon manaja yana son ganina.

Yaro ne mai ladabi, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Ya miƙe da na shiga, ya sa aka kawo mini ruwa.

"Mama, shirinki ba za mu bar shi ba, mutane suna sonsa. Sai dai mota ba za ta ƙara zuwa ƙauye ba, masu kamfani sun hana. A nan za ki riƙa yi. An ba ni labarin ba kya farawa sai an amsa miki, to mun yi maganin wannan. Ki zo ki gani."

Ɗakin nan ne mai sanyi, an canza ƙyallen baya. Jar fitila ta kama, na ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," ba tare da na sa ran komai ba. Sai lasifikar da ke bango ta amsa da muryoyin yara, a samansu kuma, ta riga kowa, siririyar muryar nan. Saddiƙa. Na duba Kabiru, na ga ya dafe kai da hannu biyu, shi ma bai sani ba. Ashe mai haɗa sauti, wani baƙo da kamfani ya kawo, shi ya shiga tsofaffin kaset ya nemi amsar da ta fi fita tangaram ya ciro, ya ciro dariya ma ya ajiye. Wace amsa za ta fi tata fita? Na yi salati a zuciyata, na yi tatsuniyar har ƙarshe. Da na koma gida na sami Malam yana alwala.

"Malam, yau na ji Saddiƙa."

Ya ajiye butar. Da na yi masa bayani ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," ya fita masallaci. Bai taɓa zuwa ya saurara ba. Ke kuwa, Binta, duk ranar shirin kina gidan maƙwabciyarmu Hajiya Rabi tun kafin a fara, kin manne da akwatin, kina jiran wannan amsar kaɗai. In ta wuce sai ki tashi.

Na ci gaba da zuwa Kano. Ban ƙara damuwa da hantsi ba ne ko magariba, ban damu da babu yaro ko ɗaya a gabana ba. Bakina yana ba da labari, kunnena yana bango. Wata rana Iya ta same ni na zauna da tsintsiya a hannu ban share komai ba, ta ce a hankali, ba da wasa ba wannan karon, "Kin fara ɓatan nan da na faɗa." Na sunkuya na fara shara.

Sai aka zo kan tatsuniyar maraƙi. Na yi ta a ɗakin, na dawo da shi gida kamar yadda Saddiƙa ta sa ni. Ranar da za a nuna na bi ki gidan Hajiya Rabi, ɗaki cike da mata da yara. Aka kai inda ake kora maraƙin kasuwa yana waiwaye, na ga kaina a akwati na yi ƙasa da murya, sai kawai dariya ta fashe. Dariyar Saddiƙa, har da shaƙuwar. Na san inda aka samo ta. A Kademi ne, ranar da wani bunsuru ya kutso tsakiyar tabarmi ya sure hular Kabiru. Matan ɗakin suka kama dariya su ma, don dariya tana jan dariya, sai da suka ga fuskata suka yi shiru. Yarinyar da ta miƙe tana kuka a wannan wurin, ita aka sa tana ƙyaƙyatawa, kuma duk ƙasar Kano an ji.

Washegari na shiga motar Kano ba ranar aikina ba. Manaja ya ce labarin ne ya yi nauyi, yaran yanzu in an daɗe ba su yi dariya ba sai su canza tasha, shi ya sa ake ɗan sa musu.

"Yarinyar da ke dariyar 'yata ce," na ce masa. "Ta rasu da damina. A wurin nan kuka ta yi."

Ya rasa inda zai sa kansa. Ya yi mini ta'aziyya, ya ce za a cire daga wannan labarin. Na tambaye shi sauran labaran fa, da waɗanda za a yi nan gaba. Ya faɗa mini gaskiya: ba shi ke zama a kan na'ura kullum ba, kuma shi kansa ana iya ɗauke shi gobe. In muryar tana cikin shirin, za a riƙa sa ta inda mai haɗawa ya ga ta dace. Sai na roƙe shi abu biyu, a cire muryarta gaba ɗaya, kuma a ba ni kaset ɗin da take ciki.

"Na farko zan yi yau ɗin nan, Mama, a gabanki. Na biyu ba nawa ba ne. Kaset ɗin yana cikin kayan da kamfani ya saya. Zan kai maganar sama. Amma ki zauna, mu sa miki muryar wasu yaran."

"Su ma 'ya'yan wasu ne, ɗana. Ni kuma bango zan ci gaba da yi wa tatsuniya."

Ya cika alkawarinsa na farko a gabana. Na yi masa godiya, na ɗauki mayafina.

Da yamma Kabiru ya biyo ni Gaya. Ya zauna a zaure, ya yi ƙasa da murya ya ce makullin ɗakin kaset yana hannunsa, zai iya fita da shi ya kwafa ya mayar, babu wanda zai sani. Malam ya tambaye shi ko amana aka ba shi makullin, ya ce e. Sai Malam ya juyo gare ni.

"Ke ce uwa. Ban sa ba, ban hana ba."

Allah ya sani na so. Amma na duba Kabiru, ga mata ga jariri, ga rantsuwar da ya yi wa mutane a kan makullinsu. Na kuma tambayi kaina yadda zan saurari 'yata ta hanyar cin amana, sannan in ɗaga hannu in roƙa mata rahama. Na ce masa ya bari, mu jira amsar sama. A nan kika fito daga bayan ƙofa, Binta, ban san kina nan ba.

"Inna, muryar ƙanwata ce ta zama kayan wani? Wa ya sayar musu? Ni na goye ta, ba a tambaye ni ba!"

Kin daɗe ba ki ci abinci kwano ɗaya da ni ba. Kika yi aure, kika haihu, ba ki taɓa yi mini rashin kunya ba, amma na san maganar tana nan tsakaninmu. Amsar sama ba ta zo ba. An ɗauke manajan, kamfani ya koma sabon gini, aka bar tsofaffin kaset a wani ɗaki da rufinsa ke yoyo. Kabiru ya ce da aka buɗe duk sun manne da juna, aka kwashe aka zubar.

To ga amsata. Kin yi gaskiya, babu wanda ya isa ya sayi muryarta, kuma ban taɓa yarda cewa sun saya ba. Abin da ke hannuna a ranar shi ne in hana a ƙara sa ta dariya a inda ta yi kuka, kuma na hana. Ban ce ki ce na yi daidai ba. Na san da na bar Kabiru ya kwafa, da yau tana cikin wayoyinku, jikokina suna jin ta. Na kuma san abin da na rasa, domin yanzu muryar ta fita daga kunnena. Na san tana riga kowa, na san siririya ce, na san da shaƙuwar, amma kamar yadda ake sanin labari. In na nemi sautin kansa ba na samu.

Allah ya jiƙan Saddiƙa, ya jiƙan mahaifinku da Iya da Alhaji, ya haɗa mu da su a inda ba a rabuwa. Ke kuma, Binta, kunnenki ya fi nawa ƙuruciya. In har yanzu tana nan a cikinsa, ran da za ki zo Gaya kada ki wahalar da kanki da tsaraba. Ki zauna kusa da ni ki kwaikwaya mini yadda take amsawa.